Mata, A Bakinmu Sunayen Mazan Jiya Suke

 Zancenmu na yau a kan soja ne. Na san wata za ta ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mace da zancen bindiga da fareti? To, ki yi haƙuri ki bi ni sannu, za ki ga babu wanda maganar nan ta shafa kamar mu.

Duk wadda ta taɓa shiga mota daga Kano za ta Gwarzo, tafiyar mil 45 ko kusa da haka, ta san hanyar. Za a fita ta Kabuga, a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, a wuce barikin soja na Janguza, a bi ta Rimin Gado, sa'an nan a shiga ƙasar Kabo da ta Gwarzo. Barikin nan na Janguza kowa yana ganinsa ta tagar mota, amma ba kowa ne ke tsayawa ya tambayi kansa ba: shin samari nawa ne daga garuruwan da ke gaba, irin su Garo da Getso da Kutama da Lakwaya, suka bi hanyar nan suka tafi aikin soja? Nawa suka komo, nawa ne kuma ƙasa ta rufe su a inda ko iyayensu mata ba su iya faɗin sunan wurin ba?

A bakin Bahaushe, gwarzo shi ne namijin da ba ya ja da baya. Garin da ke ɗauke da suna irin wannan, da maƙwabtansa, bai kamata a nemi sunayen gwarazansa a rasa ba. Ga shi kuwa yawancin sunayen nan ba a littafi suke ba, suna cikin ƙirjin tsofaffin mata ne, su kuwa tsofaffin kullum Allah na karɓar abinsa.

Yadda Wasu Ke Tunawa Da Nasu

A Ingila da Faransa, da wuya ki shiga ƙauye komai ƙanƙantarsa ba ki tarar da dutsen tunawa a tsakiyar gari ba. Bayan yaƙin duniya na farko, watau na 1914 zuwa 1918, mutanen kowane ƙauye suka yi karo-karo, suka kafa dutse, suka sassaƙa sunayen 'ya'yansu da suka mutu. Da aka yi yaƙi na biyu sai suka ƙara sababbin sunaye a ƙarƙashin na da. Kowace shekara ran 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsai da wuta a 1918, sukan taru a gindin dutsen a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Yaron da aka haifa jiya ma ya tashi ya san kakan kakansa ya je yaƙi.

A nan ƙasarmu Turawan mulki sun kafa irin waɗannan duwatsu bayan yaƙin farko, amma a garuruwan da ke da bariki, kamar Zariya da Lokoja da Ibadan da Kalaba. A Ikko kuma an taɓa kafa wanda mutanen gari suka laƙaba wa suna Soja Idumota, siffar mutum biyu ta tagulla, ɗaya soja, ɗaya ɗan dako, don tunawa da masu ɗaukar kaya waɗanda su ma suka mutu da yawa. Duk waɗannan suna nesa da uwar da ke zaune a Kabo. Ba a kawo mata sunan ɗanta ƙofar gida ba.

Wanda ya fi su nisa yana ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma. A maƙabartar soja ta Taukiyan, arewa da birnin Rangun, an jera ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba. A cikinsu akwai Indiyawa da Turawa da 'yan Afirka, har da namu. Abin da zai ba ki tausayi shi ne, a zamanin nan in yaro ya shiga soja akan rubuta sunansa ne haɗe da sunan garinsu, wane Kano, wane Katsina, wane Sakkwato. Saboda haka sunayen garuruwanmu na can sassaƙe a jikin dutse a bangon duniya, mu kuwa nan gida ba mu san ko ɗan gidan wa ba ne.

Kada kuma mu ɗauka Turawa sun rubuta kowa. A shekarar 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta fitar da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, waɗanda suka mutu a yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba, wasu ma ba a yi musu abin tunawa ko kaɗan ba. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya miƙe a majalisarsu ya ba da haƙuri. Haƙuri dai an bayar, amma sunan da ya ɓata ya ɓata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa wanda ya bar wa wani ajiyar sunan ɗansa, ya shirya rasa shi.

Ina Da Ina Aka Kai Su?

Bari mu ɗan bi sawunsu, domin in tsohuwa ta ambaci wani yaƙi ki san wanda take nufi.

A yaƙin farko, wanda tsofaffi ke ce wa yaƙin Jamus, sojojinmu sun yi faɗa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Banyo da dutsen Mora. Da aka gama can sai aka sa su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda yunwa da cuta suka yi musu ɓarna ƙwarai.

A yaƙi na biyu, watau yaƙin Hitila na 1939 zuwa 1945, an fara kai su Afirka ta Gabas suka kara da sojan Italiya. 'Yan Nijeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, suka zarce ƙasar Habasha. Daga 1943 kuma aka kwashe su zuwa Indiya, daga nan sai dajin Bama don yaƙar Japan. Runduna biyu aka kafa ta 'yan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Mutum wajen 90,000 suka tafi, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, kuma Hausa ce harshen da aka fi ji a tsakaninsu. Daji ne mai duhu da tsaunuka, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga zazzaɓi, babu hanyar mota. A ka suke ɗaukar harsashi da abinci, jirgin sama ke jefo musu guzuri. A watan Janairu 1945 suka ƙwace garin Miyohaung. Yawancin waɗanda suka tsira sai a 1946 suka ga gida.

In kin taɓa mamakin sunayen barikokin ƙasar nan, to, ga asalinsu. Barikin Dodan da na Arakan da na Miyohaung a Ikko, da barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen wurare ne a Bama. Barikin Cindit na Zariya ya samo suna daga wata runduna ta musamman da bataliya uku na 'yan Nijeriya suka shiga a 1944, suka yi yaƙi a bayan abokan gaba. Barikin Bukabu na Kano kuwa sunan wani gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka je kwantar da tarzoma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964. Kin ga an tuna da wuraren da aka yi faɗan, saura mutanen da suka yi shi.

Sai yaƙin basasa, wanda aka fara ran 6 ga Yuli 1967 aka gama ran 15 ga Janairu 1970. Wannan shi ya fi kwasar samarin ƙauyukanmu, domin soja sun tashi daga mutum wajen 10,000 kafin yaƙi suka haura 200,000 a ƙarshensa. Ranar da aka gama shi ita ce yanzu ranar tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya, maimakon 11 ga Nuwamba da ake yi da. Kada mu manta, a ɗaya ɓangaren ma uwaye ne irinmu suka rasa 'ya'ya, da yawansu ƙananan yara da yunwa ta kashe. Hawayen uwa iri ɗaya ne ko'ina.

Bayan wannan an je Labanan a 1978, an je Laberiya a 1990, an je Saliyo, an je Darfur. Tun daga 2009 kuma ga yaƙin Boko Haram a Borno da Yobe da Adamawa, ga na 'yan bindiga a dazuzzukan Katsina da Zamfara, Katsinar da ke maƙwabtaka da ƙasar Gwarzo. Watau zancen nan bai zama tarihi ba tukuna, har gobe akwai matar da ke kwana da wayarta a gefen matashi tana jiran kira.

Me Ya Kawo Shirun?

Wata za ta tambaya, tun da abin ya kai haka, me ya hana mu rubuta sunayensu tuntuni? Dalilai ne da dama, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Na farko, asalin aikin soja a ƙasar Kano bai zo da farin jini ba. Rundunar da Turawa suka kafa, wadda ake kira WAFF, ita ce ta ci Kano a watan Fabrairu 1903, kuma galibin masu riƙe da bindigar baƙar fata ne, da yawansu masu jin Hausa. Saboda haka shekaru da yawa ana duban soja da ido na daban. Gidan mutunci ba su so a ce ɗansu ɗan bariki ne. Wani yaron ma gudu ya yi ya shiga, don haraji, ko don an hana shi yarinyar da yake so, ko don ɓacin rai da mahaifi, har ya sake suna a wurin rubutu don kada a bi sawunsa. A zamanin yaƙin Hitila kuma, lokacin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai Turawa suka bi wajen neman mutane, kuma ba kowa ne ya tafi da son ransa ba.

Na biyu, addininmu bai yarda da sassaƙa gunki ba, kuma ba al'adarmu ba ce a yi gini a kan kabari ko a ƙawata shi. Wannan daidai ne, babu mai ja. Sai dai hana gunki daban, rubuta suna daban. Malamanmu na farko sun tsare sunayen waɗanda suka halarci Badar da waɗanda suka yi shahada a Uhudu, mutum ɗaya ɗaya, har yau ana karantawa a littattafan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Na uku ya shafe mu kai tsaye, shi ne alkunya. Matar Bahaushe ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Sai ki ji an ce malam, ko maigida, ko mai babban suna, ko wancan yaron. In an haifi jika aka mai da sunan marigayi, sai a ɓoye shi da Abba ko Baba ko Baffa. Al'ada ce mai kyau wadda ke nuna tarbiyya. Amma ki duba, wadda ta fi kowa sanin sunan ita ce wadda ba za ta furta shi ba. In ta rasu, jikoki suka tashi, iyakar abin da suka sani shi ne wani kakansu ya je Bama. Wane ne shi, ɗan wa, a wace shekara, babu mai amsa.

Manya dai ba a manta su. Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, wanda ya ja runduna ta biyu a yaƙin basasa, aka kashe shi ran 13 ga Fabrairu 1976, ga sunansa a filin jirgin saman Ikko, ga shi a babban asibitin Kano, ga hotonsa a takardar Naira 20. Samanja Chari Maigumeri, wanda ya yi yaƙin duniya duka biyu, an sa wa barikin Lokoja sunansa. Sun cancanta. Amma kurtu da kofur da ɗan dako da kuku da direba, waɗanda da su aka ci yaƙin, ba su da kowa sai mu.

Rabon Da Ya Faɗo Wa Mata

In namiji ya tafi fagen fama, rabin yaƙin a gida ake yinsa. A shekarun yaƙin Hitila, ban da waɗanda aka ɗauka soja, daga 1942 zuwa 1944 an yi ta kwasar maza daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, ga kuma matsin a noma gyaɗa da yawa don bukatar yaƙi, ga tsadar gishiri da tufafi da kananzir. Wa ya riƙe gidajen? Mata ne, da kaɗi da saƙa, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da dakau da fura. Da kuɗin tallan nan aka ciyar da marayu, aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki.

Wadda aka aiko wa da labarin rasuwa ta yi kuka ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ta fita ta san matsayinta. Wadda ta fi shan wuya ita ce wadda ba ta ji mutuwa ba, ba ta ji rai ba. Ita ba bazawara ba, ita ba matar aure ba. Malaman Malikiyya sun ware babi guda a kan matar wanda ya ɓace. A hukuncin da aka fi sani, takan kai ƙara wurin alƙali, a yi cigiya, in ba a same shi ba a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba. Wanda ya ɓace a fagen yaƙi kuwa yana da nasa bayani dabam, shi ya sa ya kamata duk wadda abin ya sama ta je wurin alƙali ko malami masani, kada ta zauna shekara da shekaru tana cin zuciyarta a ɗaka.

Akwai kuma waɗanda mazansu suka komo, amma ba yadda suka tafi ba. Wani ba ƙafa, wani ba ido, wani kuwa jikinsa lafiya lau amma ba ya barci, ƙarar faɗuwar kwano ta sa ya zabura, ko ya yi ta faɗa ba dalili. Da akan ce ya taɓu, ko an yi masa asiri, yara su riƙa binsa suna tsokana. Yanzu likitoci sun san ciwo ne da firgicin yaƙi ke haddasawa, kuma ana maganinsa a asibiti. Matan da suka zauna da irin waɗannan bayin Allah, suka yi jinyarsu har ƙarshe ba tare da kowa ya ce musu sannu ba, su ma 'yan mazan jiya ne, ko da ba a rataya musu lamba ba.

Kowace shekara ran 15 ga Janairu mukan ga shugabanni a Abuja da Kano sun ajiye furanni, an busa bigila, an saki fararen tattabaru. Kafin ranar akan yi addu'a a masallatan Juma'a da majami'u, a sayar da 'yar alamar nan da ake maƙalawa a riga don taimakon ƙungiyar tsofaffin soja, wadda aka kafa da doka tun 1964. Madalla da wannan. Amma tattabarar da aka saka a birni ba ta sauka a tsakar gidan gwauruwar da ke Getso. Abin da zai kai gare ta sai wanda aka yi a garinsu, da hannun mutanen da suka san ta.

Abin Da Za Mu Iya Yi Tun Daga Yau

Aikin farko ba ya bukatar kwabo, littafin rubutu ne na 'yan makaranta da alƙalami. Ki sami tsohuwar gidanku a lokacin da hankalinta ke kwance, bayan sallar la'asar ko da dare wajen hira. Kada ki zo mata kamar mai ƙidayar haraji. Ki fara da tambayar zamanin aurenta, zance zai jawo zance. In kin zo kan sunan da ba ta faɗa, kada ki matsa mata. Ki tambayi ƙanwar mijin ko wata tsararta, ko ki riƙa kawo sunaye har ta ce shi ke nan, ko ta nuna miki mai sunan a cikin jikoki.

Ga abin da za ki rubuta. Sunansa na yanka da na mahaifinsa, da laƙabin da aka san shi da shi. Unguwarsu ko ƙauyensu, da sunan dagacin lokacin. Yaƙin da ya je, in ba a san shekara ba a kwatanta da wani abu da kowa ya sani, kamar zamanin wane hakimi, ko shekarar da aka haifi wance. Barikin da ya zauna, da muƙaminsa, ko kurtu ne ko kofur ko saje. Ya komo ko bai komo ba, in ya komo wace sana'a ya kama, ina aka binne shi. Kada ki bar sunan matarsa da na mahaifiyarsa, su ma a rubuta su.

Daga nan sai a buɗe tsohuwar adaka. A gidaje da yawa akwai takardar sallama, da hoton fareti, da lambobin yabo a ƙulle cikin tsumma. Lambobin yaƙin farko suna ɗauke da sunan mai su da lambarsa ta soja a jikinsu. Na yaƙi na biyu galibi ba su da suna, sai a nemi lambar a takardar sallama. In kin ga tauraro mai tsini shida da ƙyalle mai ja a tsakiya, da shuɗi da ruwan lemo a gefe, wannan tauraron Bama ne. Lambar soja ita ce mabuɗi, da ita ake gane mutum ko da ya sake suna. Hukumar kaburburan nan da na ambata ta sa sunayen waɗanda ta rubuta a intanet kyauta, ɗanki ko 'yarki mai waya na iya nema da lambar, ko da suna haɗe da sunan gari. A Kaduna kuma akwai gidan ajiye tsofaffin takardu na ƙasa da Gidan Arewa, a Kano ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, inda masu binciken tarihi ke zuwa.

Don Allah 'yan'uwa, kada a sayar wa 'yan gwangwan da lambobin nan don kuɗin cefanen rana ɗaya. Kada a ba yara su yi wasa da su. Takardu kuwa a raba su da gara da danshi, a sa a gwangwani mai murfi, a ɗauki hotonsu da waya a aika wa dangi biyu ko uku, don in ɗaya ya ɓata wani na nan.

Matan soja na yanzu, ga tawa shawara. Ki san lambar mijinki da sunan bataliyarsa kamar yadda kika san sunan 'ya'yanki. Ki lallaɓa ki tambaye shi wanda ya rubuta a takardar magaji, domin da yawa sun rubuta sunan uba ko wa tun suna samari, suka yi aure suka haihu ba su gyara ba. Ki adana takardar aure da ta haihuwar yara. Wannan ba fatan mutuwa ba ne, rai na hannun Allah, amma in ta faru, da takardun nan ake bin hakki a hukumar fansho ta soja, kuma rashinsu ya sa marayu da yawa sun yi asara.

Irin Abin Tunawa Da Ya Dace Da Mu

In kowane gida ya kawo nasa, sai ƙungiyoyin mata da malaman Islamiyya su tattara na unguwa, a kai wa mai unguwa da dagaci su duba su gyara, a haɗa da tsofaffin soja na yankin, su da suka san juna. 'Yan matanmu na sakandare a Kabo da Gwarzo za su iya wannan aiki a hutu ɗaya, su koyi tarihin da ba ya cikin littafin makaranta. A ƙarshe a sami littafi guda na ƙasar Gwarzo, guda na ƙasar Kabo, a ajiye ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya a makaranta.

Sa'an nan in Allah Ya hore, a yi abin da ido zai gani. Ba ma bukatar gunki. Musulmi ya san sadaka mai gudana na cikin abubuwan da ladansu ke bin mamaci har kabari. A haƙa rijiya ko a kafa famfo a inda mata ke shan wuyar ruwa, ko a gina aji guda, ko ɗakin haihuwa, ko a dasa itatuwa a bakin kasuwa. A jikin bangon a kafa allo a rubuta sunayen da boko da ajami, ba a fifita hafsa a kan kurtu ba, ba a ware Musulmi da wanda ba Musulmi ba, tun da tare suka kwanta a rami ɗaya. Duk yarinyar da ta zo ɗiban ruwa za ta ɗaga kai ta karanta, wata rana ta ce wannan kakana ne.

Ran 15 ga Janairu kuma, bayan manya sun gama nasu a birni, mu yi namu a gida. A karanta sunayen a bainar jama'a, a yi musu addu'a, a dafa abinci a kai wa gwauraye da marayun da suka bari, a duba ko akwai yaron da kuɗin makaranta ya gagara. Tunawa da mamaci alhali iyalinsa na kwana da yunwa, ai ado ne da kayan aro.

Waɗanda suka je Bama yau kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Samarin yaƙin basasa, wanda ya shiga yana ɗan shekara 18 a 1967, yanzu ya haura 75, matansu ma tsufa ya kama su. Hausawa sun ce da zafi-zafi kan bugi ƙarfe. Tsohuwar da ke zaune a ɗakinta yau tana jan carbi, ba mu da tabbacin za mu same ta baɗi. Ki aje jaridar nan, ki ɗauki littafi, ki shiga ki gaishe ta.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba waɗanda ke fagen fama sa'a Ya komo da su gida lafiya, Ya ba iyalansu haƙuri da dangana, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Sai mun sake saduwa.